Telan Hajiya Becky

Idan aka ce a jera telolin Fagge bisa iya aiki, Yaya Umaru mijin yayata yana sahun gaba, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. Idan kuma aka ce a jera su bisa cika alkawari, to sai an leƙa can ƙarshen layi za a hango shi yana murmushi. Ni Fareeda ina da bakin faɗar haka, don na taɓa zuwa idi da tsohuwar atamfa saboda shi, alhali sabuwar tana shagonsa tun farkon azumi. Ranar jajibere na je masa da kukana, ya dube ni da fuskar nan tasa ta salihai ya ce, "Haba ƙanwata, ai saura maɓalli kawai." Riga da zani ne fa na kai masa, babu inda maɓalli zai shiga.

A shagon kawunsa ya tashi. Tun yana mai zura zare a allura har ya zama shi ake nema idan ana son surfanin da za a tsaya a kalla a wuyan babbar riga. Cutarsa ɗaya ce, bai iya cewa a'a ba. Ka kawo masa yadi, zai shafa shi, ya yaba, ya auna ka, ya ce gobe. Kuma ba yaudara yake nufi ba, a lokacin da yake faɗa har cikin ransa ya yarda goben ce. Yayata Rumasa'u ma ta haka suka saba, ta yi ta sintirin karɓar ɗinkinta har sintirin ya koma zance. Mahaifiyarmu takan ce da ya ba ta kayanta a kan lokaci, da ba a yi auren nan ba.

Suna cikin shekararsu ta biyu da aure Yaya ta samu aikin jinya a Maryland ta Amurka, ta taho da ƙaramin ciki, a kan cewa zai biyo ta bayan 'yan watanni. Takardunsa suka maƙale. Aka haifi Najiba a nan, ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta shiga makaranta, ubanta yana cikin waya. Ni kuma karatu ya kawo ni daga baya, na tare a gidansu da ke Greenbelt, don haka a kunnena ake rufe kowace hira da magana ɗaya: "Ina nan zuwa, wata mai kamawa in Allah ya so." A wannan karon dai ba laifinsa ba ne, na shaida. Amma yarinya ina ruwanta da ofishin jakadanci? Ita dai ta san akwai wani mutum a waya da kullum yake cewa yana zuwa. Tana da wajen shekara biyar ta daina tambayarsa yaushe.

A watan Nuwamban da ya wuce Allah ya yi, ya sauka a filin jirgin Dulles, Najiba tana da shekara bakwai. Ya ware hannuwa zai rungume ta, ita kuwa ta miƙa masa hannu ɗaya suka gaisa kamar an zo taron ofis. Tun daga ranar ba ta kira shi da kowane suna ba. Ba Baba, ba Abba, ba komai. Idan an aike ta ta kira shi cin abinci, sai ta tsaya a ƙofar falo ta gaya wa labule cewa abinci ya sauka. Yana dariya yana cewa za ta saba, amma na sha ganinsa yana bin ta da ido idan ta wuce. Duk haushinsa da nake ji na tsohuwar atamfata, abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Wadda Najiba take hira da ita a gidan, bayan uwarta, ita ce Becky. 'Yar tsana ce baƙa mai kitso biyu, tsawonta bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba, amma a gidan nan ta fi ni daraja. Tana da gadonta, tana da wurin zamanta a mota, kuma idan tana barci ba a kunna talabijin.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, Yaya ta koma kusan kwana a asibiti, don abokan aikinta masu Kirsimeti sun tafi hutu. Ta ja ni gefe ta ce, "Ki bar su su biyu su san juna. Kar ki shiga." Na ce to. Amma ban yi alkawarin rufe ido ba.

Akwai wata Anti Ajara, 'yar Kumasi ce, tana rainon yara a gidanta a Takoma Park. Ita ta lura cewa a irin wannan lokacin 'ya'yanmu suna ganin fitilu da kyaututtuka a gidajen maƙwabta su yi ta haɗiyar yawu, sai ta ƙirƙiro walimar 'yan tsana a Asabar ɗin ƙarshen hutu. Kowace yarinya ta zo da tata, a sha shayi, a ci cincin da kelewele, soyayyar agadar nan tasu mai yaji. Sharaɗinta ɗaya ne: kayan da 'yar tsana za ta saka a gida za a yi su da hannu, ban da na kanti. Bara ni na yi wa Becky, da tsohon ɗankwali da gam. Kafin a zuba shayi zanin ya rabu gida biyu, Najiba ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba.

Muna cin tuwo aka tayar da maganar walimar bana, sai Yaya ta ce, kamar ba da wata manufa ba, "Ai babanki tela ne." Najiba ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tashi ta ɗauko Becky ta zaunar da ita kusa da kwanon miya. Tana jin Hausa tsaf, amma da Turanci take mayarwa, shi kuma yana tsintar Turancin daidai gwargwado, haka suke yi. Ta tambaye shi ko zai iya.

Yaya Umaru ya wanke hannu, ya ɗauko tef ɗin awo ya rataya a wuya, ya yi bismilla. Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya auna tsawo, sannan ya russuna ya ce, "Hajiya Becky, doguwar riga za a yi ko riga da zani?" Na ga gefen bakin Najiba ya motsa. Ta ce doguwar riga, mai ado a wuya. Sannan ta ce, "Yaushe?"

"Gobe, uwar ɗakina," in ji shi.

Na ajiye cokalina na dubi Yaya. Ita kuma ta dubi silin.

Washegari Juma'a ce, ya tafi masallaci. Ban san wanda ya fesa cewa telan Fagge ya sauka a Greenbelt ba. Mutanen da suka shekara da shekaru suna ajiyar shadda a ƙasan akwati, likitoci da injiniyoyi da direbobi, duk suka tuna da ita a rana ɗaya. Kafin Lahadi falonmu ya koma kamar Kantin Kwari. Kowa ya zo, Yaya Umaru ya shafa yadin, ya yaba, ya auna, ya ce gobe. Keken ɗinkin da Yaya ta saya masa na hannu, wanda yake rainawa yana cewa abin wasan yara ne, ya ɓace a ƙarƙashin kaya.

Kar a ce bai yi wa Becky komai ba. Ya yi mata komai, ban da rigar. Najiba tana gina mata gida da kwali, ya zo ya yanka taga da ƙofa. Ya saƙa mata tabarma da tsinken tsintsiya. Ya yi mata mafici, a garin da ruwa yake daskarewa a kan titi. Ya yi kujera 'yar tsugunno da murfin kwalba, suka barbaza auduga a rufin gidan ta zama dusar ƙanƙara. Suna aikin kafaɗa da kafaɗa, har takan manta ta yi dariya. Amma kowace safiya sai ta tsaya a gabansa da Becky a hannu ta ce, "Yau?" Shi kuma ya ce, "Gobe, uwar ɗakina, yau haske bai yi kyau ba." Wata rana zare ne bai dace ba. Wata rana almakashin ƙasar nan ne ba su da kaifi.

Na same shi a kicin na ce, "Yaya Umaru, wannan fa ba 'yar Fagge ba ce. Idan ka ce mata gobe, goben take jira."

"Ke dai Fareeda kin cika rigima," in ji shi. "Rigar da ba ta kai tafin hannu ba? Kafin shayi ya huce na gama."

Ana cikin haka muka shirya fita cikin Washington, mu ga ƙatuwar bishiyar da ake ƙawata wa da fitilu da kuma ƙananan jiragen ƙasa na wasa da ake nunawa a gidan shuke-shuke. Tunda Becky ba ta da kayan fita, Najiba ta huda safar sanyin ubanta ta zura ta a ciki. Shi kuwa ya ce ba zai shiga babban birnin Amurka a wulaƙance ba, ya ɗora babbar riga a kan jibgegiyar rigar sanyi, ya koma kamar an naɗe katifa. Muna shiga jirgin ƙasan Metro Najiba ta ce hannunta ya ƙage, ta miƙo mini Becky. Ni kuma, don neman magana, na miƙa masa.

Bai daɗe da karɓa ba, a tasha ta gaba, sai ga Alhaji Rufa'i ya shigo, dattijon da ake ji da shi a masallaci, wanda shaddarsa mai ruwan sararin samaniya take cikin tulin falonmu. Yaya Umaru ya yi wuf ya cusa Becky a aljihun gaban babbar riga. Aljihun yana da zurfi, amma bai kai ya haɗiye Hajiya duka ba. Kanta da kitsonta biyu suka tsaya a waje, tana kallon Alhaji.

Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi sanyi. Alhaji yana magana idonsa yana sauka kan aljihu yana komawa. Can ya daure ya ce, "Malam Umaru, baƙuwa muka yi ne?"

"Kwastoma ce, Alhaji," in ji Yaya Umaru, gumi yana tsattsafo masa a wannan sanyin.

"Madalla. To ya labarin tawa rigar?"

"Ai Alhaji saura maɓalli kawai."

Sai muryar Najiba ta fito, da Turancinta tar, yadda duk taragon zai ji. Ta ce ba a ko yanka ta ba, tana ƙarƙashin talabijin a cikin ledarta. Ta ƙara da cewa kada Alhaji ya damu, haka yake gaya wa kowa.

Alhaji Rufa'i ya yi dariya har da riƙe ƙarfe. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Yaya Umaru ya yi yaƙe, amma na ga maganar ta ƙarshe ta shige shi. Mun ga bishiya, mun ga jirage suna ratsa gadoji, mun sha cakulan mai zafi, an ɗauki Becky hoto a cikin safa a gaban komai. Duk yinin Najiba hannuna ta riƙe.

Ranar Juma'ar da walima take washegari, ta tashi ba ta tambaye shi ba. Ta karya, ta ɗauki takardar naɗe kyauta da salatif ta zauna a ƙasa tana yanke-yanke. Ya jira, ya gyara murya, ya zagaya ta, shiru. Da ya kasa haƙuri ya ce, "Uwar ɗakina, yau ba a tambayi ɗinki ba?"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce ba komai, ita za ta yi wa Becky da takarda. Ta ce ta san ba zai yi ba, kuma ba ta yi fushi ba.

A Fagge an zage shi a kan ɗinki. An taɓa kwance kan kekensa aka tafi da shi, wata mata ta taɓa zama a shagonsa da 'ya'yanta huɗu ta ce a nan za su yi salla. Duk bai taɓa hana shi cin abinci ba. Amma ba a taɓa yafe masa tun kafin ranar ta zo ba. Na ga jikinsa ya yi sanyi, ya tsaya a tsakiyar falo kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Yana dawowa daga masallaci, Yaya ta fita da Najiba da Becky sayayya, ya kwashe tulin shaddar nan ya zube a kan gadona, ya tono keken. Sai a lokacin ya tuna bai tanadi yadin Becky ba. Ya yi ta ɗaga ledoji har ya zo kan mai ruwan sararin samaniya. Na ce, "Ta Alhaji Rufa'i ce fa." Ya ce ai kowa ya san ragowar yadi ta tela ce. Na ce ragowa bayan an ɗinka ake samunta. Ya ce shi ya san abin da zai rage, ya ɗauka tun yanzu ne kawai. Ya sa almakashi.

Ban taɓa zama na kalle shi yana aiki ba sai ranar. Ba ya magana, ba ya ɗaga kai. Keken da yake zagi ya bi shi sau da ƙafa. Da ya zo kan wuya sai ya koma allurar hannu da farin zare, ya yi surfani ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya yi ɗankwali, ya yi mayafi. Kafin magariba ya goge, ya ninke, ya saka a leda kamar yadda ake ba manya. Karo na farko ke nan a tarihin Yaya Umaru da ɗinki ya riga ranarsa, kuma babu kowa daga Fagge da zai shaida sai ni.

Da safe, muna shirin fita, ya miƙa wa Najiba ledar da hannu biyu. Ta buɗe. Ta shafa surfanin da ɗan yatsa, ta dube shi, ta sake duban rigar. Ta cire wa Becky ta takardar a hankali ta zura mata sabuwar.

Hannun rigar ya haɗiye hannuwan Becky har ya yi saura. Wuyan ya zamo ta kafaɗa ɗaya. Ƙasan ya wuce ƙafafunta yana reto, ga kuma wata ƙatuwar kalmasa da ya ninke a ciki.

"Ta yi yawa," in ji Najiba.

"Ai za ta girma," in ji Yaya Umaru, ko tunani bai yi ba.

Najiba ta ce, a hankali kamar mai yi wa ƙaramin yaro bayani, Becky ba ta girma. Ya dubi 'yar tsanar, ya dubi tef ɗin da ke wuyansa, ya dafe kai. Yaya ta shige kicin da gudu, ina jiyo ta tana dariya a cikin tawul. Ya ce a ba shi ya rage yanzun nan, Najiba ta ce an makara, kuma ba za a tuɓe Becky a mota cikin sanyi ba. Haka ya biyo mu da allura a hula, ko za ta canza ra'ayi a hanya. Ba ta canza ba.

Gidan Anti Ajara ya cika da 'yan mata da iyayensu mata. 'Yan tsana sun jeru a kan doguwar kujera, wata da rigar saƙa, wata da kente, saƙin nan na Gana, wata da abin da ko mai shi ba za ta iya faɗar sunansa ba. Yaya Umaru, namiji tilo, ya rakuɓe a bakin ƙofa wajen takalma. Anti Ajara ta ɗaga Becky ta ce, "Ei! Wannan aiki ya yi kyau paa! Wane ne ya ɗinka?" Sai ta ga hannun rigar yana lilo. Ta juya ƙasan ta ga kalmasar. Ta ƙyalƙyale da dariya har ta zauna a ƙasa.

"An bar mata wurin girma!" ta faɗa wa sauran.

Nan fa iyaye suka ɓarke. Ta Kano, ta Accra, ta Damagaram, kowacce ta tuna rigar sallarta. Anti Ajara ta ce tata sai da ta yi salla uku tana taka ta kafin ta zo mata daidai, ranar da ta zo daidai kuma ta riga ta koɗe. Wata ta ce ita har yau akwai hotonta da ba a ganin hannuwanta. Yaran da aka haifa a nan suka yi cirko-cirko suna kallon iyayensu, ba su ga abin dariya ba.

Najiba ma ba ta gani ba. Ta zaci Becky ake yi wa. Ta karɓe abarta, idonta ya ciko, ta nufi bakin ƙofa inda ubanta yake. Na bi ta, don na ɗauka tafiya gida za ta ce a yi. Ta tsaya a gabansa ta tambaye shi me ya sa ya yi haka, bayan ya auna.

"Hannuna ne ya saba, uwar ɗakina, ki yi haƙuri," in ji shi. "A wajenmu ba a yi wa yaro ɗinki cif-cif. Ana ɓoye yadi a cikin kalmasa. Baɗi idan ya ƙara tsawo sai a kai wa tela ya kwance kaɗan. Wata shekarar ya sake kwancewa. Haka ake yi har yadin ya ƙare."

Ta ce wane telan ake kai wa.

"Wanda ya ɗinka mana. Shi ya san inda ya ɓoye."

Ta jujjuya ƙasan rigar Becky. Can ta ce, to ke nan dole telan yana nan baɗi.

"Dole yana nan."

Da wata shekarar ma?

"Da ita ma," in ji shi.

Najiba ta miƙo mini Becky. Ta sa hannu ta zare tef ɗin daga wuyansa ta danƙa masa, ta juya ta tsaya ƙyam, ta ware hannuwanta biyu. Ta ce ita ma ya yi mata, kuma tata ta fi ta Becky yawa.

Ya durƙusa a cikin takalman mutane ya ɗora tef ɗin a kafaɗarta. Ya sauke tef ɗin har idon sawunta, ta ce ya ƙara. Ya kai shi ƙasa, ta ce ya ƙara. Ya ja shi a kan kafet har tef ɗin ya ƙare, sannan ta sauke hannuwanta.